Wane keke za ki saya in kina son ɗinka riga da siket a gida?

Kuɗin ɗinki ya kai inda mace za ta sayi atamfa, ta koma tana lissafin ko abin da tela zai karɓa bai kamo kuɗin atamfar ba. Ga kuma jira, don azumi na kamawa teloli da yawa sun rufe karɓar aiki. Shi ya sa matan aure da 'yammata suke ta shiga koyon ɗinki, ko ba don sana'a ba, don dai su riƙa yi wa kansu da 'ya'yansu riga da siket. Inda ake cijewa shi ne ranar sayen keke. Malamar ɗinki ta ce baƙin keke, ƙawa ta ce wannan ai tsohon yayi ne ki sayi na lantarki, mai shago kuma ya nuna miki babban na teloli ya ce in kin saye shi kin gama sayen keke har abada. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, sai dai babu wanda ya tambaye ki yadda gidanku yake.

Abin da za ki duba kafin ki taya

Na farko wuta. Awa nawa ake kawo muku ita, kuma da wane lokaci? In da tsakar dare take zuwa, keken da ba ya motsi sai da ita kayan ado ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don ɗinka siket ɗaya ya zama lissafin da ba ya fita.

Na biyu yadin da kike sawa. Atamfa, shadda da yadin auduga ba sa miƙewa, miƙaƙƙen ɗinki ya ishe su. Yadi mai roba irin na hijabi da rigunan ciki, shi kuma yana son ɗinkin zigzag, wanda allura ke tafiya hagu da dama, in ba haka ba zaren zai tsinke ranar da kika fara sa rigar. Shifon da boyel suna son siririyar allura da keke mai taushin ja.

Na uku mai gyara da kayan gyara. Wannan shi mutane suka fi mantawa, kuma a ganina ya fi sunan kamfani muhimmanci. Kowane keke yana lalacewa. Tambayar ita ce, in ya tsaya ranar Laraba, akwai wanda zai tayar da shi kafin Juma'a a garinku?

Sai wuri da ƙara, musamman a gidan haya ko ɗaki ɗaya da yara. Sai lafiyar jikinki, gwiwa da baya. Sannan kuɗi. Duk kekunan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 kuɗinsu yake bin dala, don haka zan auna su da juna: kuɗin sabon baƙin keke da teburinsa da ƙafarsa shi ne ma'aunin.

Akwai abu ɗaya da na cire daga jerin da gangan, wato gudu. Ɗauki siket mai yanki shida, tsawonsa inci 40. Layi shida kenan, inci 240. In da shafi, ki ninka, ya zama 480. A kowane inci allura tana sauka kamar sau goma, kenan sau 4,800 gaba ɗaya. Keken gida mai yin 800 a minti zai gama wannan cikin minti shida, babban keke mai yin 5,000 zai gama cikin minti ɗaya. Minti biyar ne tsakani. Lokacinki zai tafi ne a awo, yanka, guga, sa zif da warware inda ya karkace, kuma babu keken da zai yi miki waɗannan.

Ƙaramin keken batir

In gama da shi da wuri. Waɗannan ƙananan da ake tallarsu a Facebook da Instagram, masu cin batir huɗu ko ƙaramar caja, ba za su ɗinka miki siket ba. Jikinsu roba ne, ba su da nauyin da za su zauna wuri ɗaya, kuma da sun haɗu da atamfa ninki huɗu a wajen ƙugu sai su tsaya. Wanda ake riƙewa a hannu ma zare ɗaya gare shi, in kika ja bakin zaren duk ɗinkin zai zare. Araha ba ta ado. Ki bar kuɗin ki ƙara a na almakashi.

Baƙin keke mai taka ƙafa

Shi ne Butterfly da 'yan'uwansa, wanda kusan kowace unguwa akwai shi a zaure ko a ɗakin wata Hajiya. Daga China ake kawo shi, amma ƙirarsa ta tsohon Singer mai lamba 15 ce, wadda ta fito tun ƙarni na 19. Wannan tsufan shi ne ƙarfinsa. Kamfanoni da yawa sun kwaikwayi ƙirar, don haka kwarkwaro (abin naɗe zaren ƙasa), ƙoshiyar da yake zama a ciki, allura, bel da haƙoran da ke jan yadi duk ana samunsu a Sabon Gari ta Kano, a Kasuwar Barci ta Kaduna, a Maraɗi, har a kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Mai gyaransa kuma ba a nemansa da nisa. Jikinsa ƙarfe ne, in ana ɗiga masa mai ana share masa ƙurar zare, uwa za ta yi aiki da shi ta bar wa 'yarta.

A kan atamfa da shadda ɗinkinsa yana fita tsaf, kuma yana hawa wuri mai kauri ba tare da gardama ba in kin sa allura mai lamba 16. Ba ruwansa da wuta. In kuma kina so, akwai ƙaramin injin lantarki, wato mota, da ake ɗaura masa a gefe, da abin takawa, kuɗinsa kaɗan ne a kan kuɗin keken. An kawo wuta ki cire bel ɗin ƙafa ki yi da mota, an ɗauke ki mayar da bel ki ci gaba da takawa. Babu wani keke a jerin nan da yake ba ki wannan zaɓin.

Koyonsa ne yake da ɗan ciwon kai a kwanakin farko. Dole ki fara juya ƙaramar tayar da hannun dama zuwa wajenki, ƙafafunki su karɓa daga nan. In ƙafa ta yi kuskure tayar ta koma baya, nan take zare zai tsinke ko ya cukuikuye a ƙarƙashi, ki ɗaga yadin ki tarar da dunƙulen zare a bayansa. Maganinsa ki cire zare da allura ki yi ta takawa haka nan har ƙafarki ta saba, ki iya tsayawa ki tashi ba tare da kin taɓa tayar ba. Daga nan ki mayar da allura ba zare, ki riƙa bin layin takardar makaranta. Wadda ta yi haƙuri da wannan ba ta sake tunawa da shi.

Abin da ba ya yi shi ne zigzag. Ba zai yi miki ramin maɓalli ba, ba zai kama gefen yadi don kada ya zare ba, kuma ba abokin yadi mai roba ba ne. Amma ga riga da siket na atamfa wannan ba babbar matsala ba ce. Yawancinsu zif ake sa musu a baya, ba maɓalli ba. Gefen kuma ko ki rufe shi da shafi, ko ki yi ɗinki biyu wanda bakin yadin yake ɓoyewa a ciki, ko ki tara kayanki ki aika shagon da ke da keken wibin, wato mai kama gefen yadi, a kama miki da 'yan kuɗi kaɗan.

Hatsarinsa biyu. Akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunan da zanen, ƙarfensu ba nauyi, teburin kuma katakon da ke kumbura da ya sha damina ɗaya. Sannan takawar tana cin gwiwa da ƙugu. Mai tsohon ciki, ko wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, ko mai ciwon gwiwa, ta ɗaura mota tun farko. Ana kuma sa wa kan keken mariƙin juyawa da hannu a ajiye shi a kan tabarma ko ƙaramin tebur. Ya fi araha, ba ya cin wuri, amma hannu ɗaya ne ya rage miki na riƙe yadi, kuma sa hannun riga da hannu ɗaya aiki ne.

Farin keken lantarki, sabo a kwali

Nan ne Brother, Janome da Singer na zamani suke. Ba su da nauyi, kilo shida zuwa takwas, ki ɗora a tebur ki yi aiki ki mayar saman kwaba inda yara ba sa kaiwa. Suna da zigzag, ramin maɓalli, ɗinkin yadi mai roba, wasu da 'yan kwalliya, ga ƙwan fitila a saman allura. Gaban keken yana cirewa ya bar siririn hannu da za ki zura hannun riga ko rigar jariri a ciki. Koyonsu ya fi na kowanne sauƙi, ki taka ya tafi, ki ɗaga ƙafa ya tsaya. Singer 4423, misali, yana da ɗinki iri 23 kuma yana kai 1,100 a minti. Kada yawan irin ɗinkin ya ruɗe ki, a ɗinkin riga da siket iri uku kawai za ki riƙa amfani da su.

Wutar da suke ci kaɗan ce, yawanci ba ta wuce wat 100 ba, don haka ƙaramar sola da inbata ta ɗauke su. Dutsen guga na lantarki ya ninka su sau goma a cin wuta, kuma ɗinki ba ya kyau sai da guga a kowane layi, shi ya sa ko mai sola takan ajiye dutsen gawayi a gefe.

Kuɗinsu yana farawa kusa da na baƙin keke ya haura har ninki biyu ko fiye, gwargwadon samfurin. Inda suke da rauni shi ne ƙarko da gyara. Masu arahar cikinsu akwai haƙoran roba a ciki, in aka matsa musu da kauri ko aka ja yadi da ƙarfi sai saitin allura da ƙoshiya ya goce, ko haƙorin ya fashe. A Kano, Kaduna, Jos ko Abuja za ki samu mai gyara. A ƙaramin gari kuwa mai gyaran baƙin keke zai buɗe ya duba ya ce sai an aiko da kayan daga Legas. Masu allo da maɓallan kwamfuta sun fi kowanne tsoron wutar da ke hawa da sauka. In irinsu za ki saya, ki haɗa da sitabilaiza a lissafinki.

Ɗan gwanjo, wanda ake kira Beljiyom

Tsofaffin kekunan lantarki ne da aka yi amfani da su a Turai, Amurka ko Japan: Singer, Brother, Toyota, Pfaff, wani lokaci har Bernina. A nan ake samun garaɓasa, a nan kuma ake yin asara. Wanda aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 sau da yawa cikinsa ƙarfe ne, yana da zigzag, kuma za ki iya samunsa ƙasa da kuɗin sabon baƙin keke. In kin ga tsohon Singer da harafin K bayan lambarsa, kamar 15K ko 201K, a masana'antar kamfanin ta Clydebank da ke Sikotland aka yi shi, wadda aka rufe a 1980. Kin ga ko ƙaraminsu ya haura shekara arba'in, kuma da yawa suna aiki har yau.

Sai dai ba a sayensa da ido, ba a kuma sayensa ta waya. Ki je da guntayen yadinki: atamfa, shifon, da ɗan yadi mai roba. Ki juya keken ki karanta ƙaramin farantin da ke jikin motar. In an rubuta 220 zuwa 240, ya dace da wutarmu. In 110 ko 120 ne na Amurka ne, in 100 ne na Japan, kuma jona su kai tsaye ƙona motar ne, sai da taransifoma mai rage wuta. Ki sa a jona, ki ɗinka atamfar ninki biyu, sannan ninki shida. Ki juya bayan ɗinkin ki duba: zaren sama da na ƙasa su haɗu a tsakiyar yadi, kada ki ga madaukai a ƙasa. Ki gwada zigzag mafi faɗi ki ga ko yana tsallake wani gefe, ki danna abin komawa baya, ki bar shi ya yi gudu na ɗan lokaci ki sansana motar ko tana ƙauri. A ƙarshe ki ciro kwarkwaron ki kai shagon kayan ɗinki na kusa ki tambaya ko suna da irinsa. Ba duka ne iri ɗaya ba, Singer 99K da 201K ma nasu daban yake da na baƙin keken da muka saba. In mai shago ya ce babu wuta ki tafi da shi kawai, ki tafi ki bar masa abinsa. In kina da tela a dangi, ki biya masa kuɗin mota ya raka ki.

Babban keken teloli

Shi ne indostiriyal: Juki, Jack, Emel, Two Lion da sauransu. Ɗinkinsa ya fi na kowa kyau da daidaito, ba ya gajiya, yana shan mai da kansa daga kaskon da ke ƙarƙashinsa. Juki DDL-8700 yana kai 5,500 a minti. A birane masu gyaransa suna da yawa saboda shi ne abin aikin shaguna.

Amma ki lura, shi ma miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, kamar baƙin keke. Za ki biya ninki biyu zuwa uku, na asalin Japan fiye da haka nesa, ki samu gudun da muka riga muka ga ba ki buƙata. Kansa kaɗai ya kusa kilo 30, da teburinsa kuma inda aka ajiye shi nan zai zauna. Allurarsa daban ce, mai zagayayyen gindi, ta gida ba ta shiga. Babu wuta, babu ɗinki. Tsohon samfurin mai babban mota a ƙarƙashin tebur yana ta kuka tun daga kunnawa ko ba kya ɗinki, yana cin wuta, kuma sabon hannu na taɓa shi zai fizge yadin ya yi gaba. Yatsu da yawa sun sha allura a haka. In dole sai shi, ki nemi mai motar da ake kira servo, wanda ba ya motsi sai kin taka kuma ana rage masa gudu. Shi sola mai ɗan ƙarfi tana ɗauka.

Ga su a jere

| Keke | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin koyo | Wuta | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramin na batir | kaɗan ƙwarai | babu | da sauƙi | batir | asarar kuɗi |
| Baƙin keke | shi ne ma'auni | shekaru da yawa | wuya a farko | ba ya buƙata | jabu, ciwon gwiwa |
| Farin na lantarki | daidai zuwa ninki biyu ko fiye | matsakaici | ya fi duka | kaɗan, amma dole | kayan gyara |
| Ɗan gwanjo | sau da yawa ƙasa da ma'auni | ya danganta | da sauƙi | kaɗan, amma dole | ɓoyayyen lahani, wutar 110 |
| Na teloli | ninki biyu zuwa uku ko fiye | sosai | sai an saba | dole | gudu, nauyi, cin wuri |

Ko wanne kika zaɓa, kada kuɗin ya ƙare a kan keken. Ki bar na almakashi mai kyau wanda ba za a yanka takarda ko ledar omo da shi ba, tef ɗin awo, alli, ƙafar sa zif, allurai masu lamba 11, 14 da 16, man keke na gaskiya (ba man gyaɗa ba, yana daskarewa ya kama ƙarfen), da kuɗin koyon yanka wajen wadda ta iya. Rigar da ta tsuke a hammata ko siket ɗin da ya ɗage ta baya, daga almakashi matsalar ta fito. Ki kuma fara da yadi mai araha kafin ki taɓa turmin atamfar da kike ji da ita, yadi shida ne kacal, in kin ɓata hannun riga ɗaya ɗankwalin ne zai biya.

Wa ya dace da wanne

In wutarku ba ta da tabbas, kayanki kuma atamfa da shadda ne, ki sayi baƙin keke, ki ƙara masa mota in hali ya samu. Mafi yawan masu wannan tambayar nan suka faɗa, kuma da ƙanwata ce ta tambaye ni, shi zan ce mata. Haka in kina ƙauye ko ƙaramin gari, ko da kuwa kuna da sola, saboda gyara.

In kina birni, kuna da sola ko wutar da ke daɗewa, ɗakin ba fili, kuma kina son ɗinka hijabi, rigunan yara da yadi mai roba, farin keken lantarki ne naki. Ki zaɓi mai maɓallan murɗawa a kan mai allo, ki tambayi mai shago wa ke gyara shi a garin kafin ki biya.

In kuɗin bai kai ba amma zigzag ɗin kike so, ɗan gwanjo, da sharaɗin kin gwada da hannunki ko kin je da wanda ya sani. In babu mai raka ki kuma ba ki taɓa zama a gaban keke ba, ki haƙura da shi.

Mai ciwon gwiwa ko baya ta kauce wa takawa, ko dai baƙin keke da mota ko farin keke. Ɗalibar da ke zaune a hostel ko amaryar da ke bin miji wurin aiki daga gari zuwa gari, farin keke mai marfi ko kan baƙin keke mai juyawa da hannu.

Babban na teloli kuma ki bari sai ranar da maƙwabta suka fara kawo miki ɗinki kina karɓar kuɗi, har aikin ya fi ƙarfin wanda kike da shi. Ko a ranar ma, ki fara auna ko keken wibin ne ya fi cancanta ya zama na biyunki, tunda shi ne yake yin abin da baƙin keken ba ya yi.